Tsohuwar laftof, Raspberry Pi ko akwatin NAS: wanne zai iya zaman ƙauye?

Malam, ka ce kana wani ƙauye a gefen Ringim, kana da sola da batir ɗaya mai 100Ah, wayoyin gida duk sun cika da bidiyon biki, karatun tafsiri da hotunan yara. Kana son ka tara su wuri guda, kowa ya riƙa kallo a wayarsa ko a talbijin ba tare da an ƙona data ba. An ba ka shawara uku: tsohuwar laftof, ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ko akwatin ajiya da ake kira NAS. Ni laftof zan ce maka, kuma ba don ta fi sauran ƙarfi ba. A wurinmu wuta da zafi da ƙura ne ke yanke hukunci.

Mu fara da lissafin wuta. Batir mai bolt 12 da 100Ah, a takarda yana riƙe da wat-awa 1,200. Idan irin mai ruwa ne, rabi kawai ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko, wato kusan 600, kuma a ciki fitilu da cajin wayoyi za su ci nasu. Raspberry Pi 4 da ƙaramin faifan ajiya ɗaya ba kasafai suke kai wat 10 ba. Laftof da aka kashe mata allo tana zaune tsakanin wat 10 da 20. NAS mai faifai biyu shi ma wajen 15 zuwa 20 ne idan yana aiki. Ka ɗauki laftof a wat 15: daga magariba zuwa fitowar rana, awa 12, ta ci 180. Batirinka zai ɗauka. Wanda ya ce ka sa babbar kwamfutar tebur kuwa, ka gode masa ka wuce, don mai cin wat 60 za ta shanye 600 ɗin nan kaf cikin awa goma.

To, a wannan lissafi Raspberry Pi ce kan gaba, me ya sa ban zaɓe ta ba? Saboda tsirara take zuwa. Ɗan farantin lantarki ne da bai wuce tafin hannu ba. Sai ka nemo mata gida, fanka, memori, da caja mai bolt 5 da amfiya 3 na gaske. Cajar waya ta bakin tasha ba za ta riƙe ta ba, kana jona faifan ajiya sai ka ji yana ƙas-ƙas yana yankewa. Babbar matsalarta a memori tsarinta yake zaune, kuma memori ba ya son a yanke masa wuta yana cikin rubutu. Yau batir ya yi ƙasa da asuba ta mutu, gobe yaro ya zare wayar wuta, wata rana ka kunna ta ƙi tashi. Ga zafi: idan cikinta ya haura digiri 80 da kanta take rage gudu, kuma ka san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu. Na'ura ce mai daɗin wasa ga mai son koyo, amma in wani abu ya lalace a jikinta, samun madadinsa sai an yi oda.

Akwatin NAS, irin na kamfanin Synology na ƙasar Taiwan, shi ne ya fi su tsafta. Da manhajarsa yake zuwa, ka zura faifai biyu, ka bi matakai a waya, shi ke nan. Sai dai yawanci fanko ake sayar da shi, kuɗin faifai daban. In ka saita faifan biyu su riƙa kwafar juna, masu terabait 4 guda biyu terabait 4 kawai za su ba ka. Shi ma ba shi da batir a ciki. Ga mai ofis ko makaranta a Dutse ya dace. Ga mai farawa a gida, kuɗin ya yi yawa.

Laftof ta zo da abin da biyun suka rasa: batirinta. Ko na minti talatin yake riƙewa, ya isa ta tsallake lokacin da ake sauya layi ko inbata ta yi ƙara ta mutu. Tana da allo da madannai, in ta rikice ka buɗe ka ga abin da ke damunta, ba sai ka nemo talbijin da wayoyin jonawa ba. Kuma duk mai gyara a titin Beirut a Kano ya san cikin HP EliteBook, Dell Latitude da Lenovo ThinkPad. Ko mai fasasshen allo ce, in dai yana nunawa, ta yi, ta ma fi araha. Ka nemi mai injin Core i5 daga zubi na huɗu zuwa sama, wato na 2013 zuwa yau, mai ramin USB shuɗi, shi ne mai sauri. Irin waɗannan suna iya juya bidiyo zuwa sigar da ƙaramar waya za ta iya kunnawa, aikin da Raspberry Pi ke yi da ƙyar.

Kafin ka biya, ka kifa ta a kan tebur ka duba ko bayanta ya kumbura ko wurin linzami ya taso. Batir ne ya lalace, kuma kumburarren batir a ɗaki mai zafi haɗari ne. A gida kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma. Ka sa mata murafen kwalba huɗu a ƙasa iska ta riƙa ratsawa, nesa da taga. Da hunturu ya wuce a buɗe a share fankar, za ka ga ƙura ta dunƙule a bakin mafitar iska. In ka samu cajar mota mai ɗaga bolt 12 zuwa 19, ka jona ta kai tsaye a batir, ka huta da abin da inbata ke ci a banza.

Wajen manhaja, mafi sauƙi ka buɗe babban fayil ɗaya ga duk wanda ke kan rautar gida, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, kowa ya shiga da manhajar kallon bidiyo ta VLC a wayarsa. Rautar ba ta buƙatar data don wannan. In kana son ya fito da hotuna da tsari kamar shago, ka sa Jellyfin: kyauta ce, kuma tana aiki ba intanet. Plex ta fi suna, amma tana son ka shiga da asusu ta intanet, abin da ba ya yi wa mai neman sabis a kan katanga daɗi. Kada ka manta ka saita laftof ɗin kada ta yi barci in an rufe murfinta.

Girman faifai kuma, sauti ba ya cin wuri. Tafsirin azumi na awa biyu kullum, kwana 30, a matsakaicin inganci bai kai gigabait 2 ba. Bidiyon waya ne mai ci, minti ɗaya kan haura megabait 100. Terabait 1 ko 2 ya ishe ka farawa, kuma kada ka yi faɗa da mai shago in ka ga terabait 1 ya nuna gigabait 931, haka lissafinsa yake. In na hannu ne, a gwada maka shi da manhajar CrystalDiskInfo a gabanka, za ta nuna awannin da ya yi yana aiki da lafiyarsa.

Rarar kuɗin da ba ka kashe a NAS ba, ka sayi faifai na biyu. Fim in ya ɓace za a sake turo maka, amma bidiyon ɗaurin auren 'yarka da muryar mahaifi da ya rasu babu inda za ka samo su. Kowane wata ka kwafe irin waɗannan a faifai na biyun, ka zare shi, ka kai gidan wani ɗan'uwa a ajiye. Faifai biyu da ke jone a wuri ɗaya, tsawa ɗaya da damina ko ɓarawo ɗaya ya ishe su.