Matar da ta taimaka mana sabunta manufar majami'armu

Shekara 11 ina zuwa majami'ar Unitarian ta garinmu a nan Amurka, wato majami'ar da ba ta ɗaure mabiyanta da aƙida ɗaya, amma ban taɓa iya kawo manufarmu da ka ba. Layi tara ce, tun zamanin ƙa'idoji bakwai da ƙungiyar majami'unmu, UUA, ta kafa a 1985. Da babban taron UUA na 2024 ya sauya sashe na biyu na dokokin ƙungiyar, ya sa ƙauna a tsakiya da ɗabi'u shida kewaye da ita, sai kwamitinmu ya ɗauko wata mai ba da shawara ta ja ragamar aikin sabunta manufar.

Zama huɗu muka yi, duk bayan ibadar Lahadi. Ba ta zo da rubutu a shirye ba. Da aka kunna wutar ƙoƙon da muke buɗe taro da shi, sai ta raba katuna, ta ce kowa ya rubuta ranar da majami'ar nan ta share masa hawaye. Wata dattijuwa ta karanta nata hannu na rawa: makon da mijinta ya rasu, ba ta kwana ita kaɗai ba ko sau ɗaya. Daga irin waɗannan katunan aka tsamo kalmomin, kuma wannan dabarar ta burge ni ƙwarai.

Inda mai ba da shawarar ta gaza shi ne maganar sanya sunan Ubangiji a cikin manufar. Cikinmu akwai masu imani da shi, akwai waɗanda ba su yi ba, kuma minti ashirin ta ba mu. Wasu sun fita rai a ɓace, abin ya dame ni har yau.

Sabuwar manufar jimla ɗaya ce, 'yata ma ta haddace ta. Duk majami'ar da za ta ɗauki matar nan, ta nemi zama na biyar tun farko.