Gargaɗi ga masu sayen chaniya choli ta intanet

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Daga Vadodara nake rubuto wannan, a jihar Gujarat ta Indiya, inda nake karatu shekara ta uku ke nan. Abin da ya same ni a watan jiya ba na so ya sami kowa, musamman ku da kuke turo mana kuɗi daga gida don mu sayo muku kayan Indiya na biki.

Ƙanwata ce za ta yi aure, ita da ƙawayenta suka tsara shigar Indiya a ɗaya daga ranakun bikin. Sai ta turo min hoton chaniya choli, kayan matan Gujarat: siket mai faɗin gaske, da 'yar riga, da gyale. Su ake sawa a rawar gargajiya da ake kira Garba lokacin Navratri, bikin mabiya addinin Hindu na dare tara da ke faɗowa tsakanin Satumba da Oktoba. Lokacin ne kasuwar kayan take ci, lokacin ne kuma 'yan damfara suke baza komarsu.

Wani shafi na gani a Instagram, mabiyansa dubbai, hotunansa gwanin sha'awa. Suka ce aikin hannu ne na matan yankin Kutch, na ƙauyukan da ke kewayen Bhuj, da ƙananan madubai da wuri a bakin siket. Kutch kuwa nan ne gidan wannan ado, ƙabilun Rabari da Ahir sun shahara da shi tun kaka da kakanni. Kuɗin rupi 3,500 ne kawai. Ina tsakiyar jarrabawa, ban samu damar zuwa kasuwar Law Garden da ke Ahmedabad ba, inda ake baje irin kayan nan da yamma mutum ya taɓa da hannunsa. Na ce su kawo in biya a bakin ƙofa, suka ce oda ta yi musu yawa, sai dai in biya duka ta UPI, wato hanyar biyan kuɗi ta waya a Indiya, kuma saura guda biyu. Na biya.

Bayan kwana goma sha biyu kaya suka iso. Ina buɗe ledar gabana ya faɗi. Yadi ne shara-shara, an buga masa hoton ado da inji, babu zare ko ɗaya da allura ta ratsa. Maduban kuwa roba ce mai ƙyalli da aka liƙa da gam, uku sun riga sun ɓalle suna ƙasan leda. Siket ɗin da ya kamata ya buɗe kamar lema in an juya, da ƙyar ya kai faɗin zani.

Na yi musu magana, suka toshe ni. Washegari sai ga kira daga wani mutum mai ladabi, wai daga sashen kula da masu saye, yana ba ni haƙuri, za su mayar min da kuɗina nan take. Ya turo saƙo ya ce in amince da shi in sa lambar sirrina ta UPI. Wallahi na fara dannawa. Matar da nake haya a gidanta, wadda muke kira Masi, tana zaune kusa da ni tana tsinke ganye, ita ta riƙe min hannu. Ta ce, "'Yata, mai karɓar kuɗi ba ya sa lambar sirri, mai biya ne yake sawa." Da na ƙarasa, da kuɗin makarantata ma sun kwashe. Wannan kira na biyu shi ne babban tarkon, kayan jabun nan ƙugiya ce kawai.

Da daddare Masi ta ɗauko chaniyar da mahaifiyarta ta ɗinka mata. Ta juya min bayan yadin: ga ƙulle-ƙullen zare, ga inda hannu ya ɗan kauce, babu fure biyu da suka zo daidai wa daida. Kowane madubi zare ne ya kewaye bakinsa ya riƙe shi, kuma da na ɗora a kumatuna sai na ji sanyin gilashi. Ta ce watanni tsohuwar ta yi a kansa. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, da sunan matan da suke ƙarar da idanunsu a kan allura ake cutar mutane.

Don Allah kafin ki tura ko sisi, ki ce a kira ki ta bidiyo a juya miki bayan yadin, a kuma auna miki faɗin siket a gabanki. Ki duba ko sun rufe wurin sharhi, nasu a rufe yake ban lura ba. Na inji ma ba laifi ba ne, birnin Surat cike yake da shi, amma a faɗa miki na inji ne, ki biya kuɗin na inji.

Wadda take Indiya kuma aka riga aka cuce ta, ta kira 1930 da gaggawa, layin hukuma ne na kai ƙarar damfarar intanet. Ni na kai tawa, har yau kuɗina bai dawo ba. Shekaranjiya na sake ganin hotunan nan, har da jan siket mai wuri da na biya, a wani sabon shafi da wani suna daban.