Yaya, ga labarin aikina a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa, ya jikin Inna da ƙafar tata? Kin ce in daina turo miki hoton dusar ƙanƙara, in gaya miki ainihin aikin da ya kawo ni Birmingham. To ga shi.

Sashenmu na tsofaffi ne waɗanda likita ya riga ya tabbatar ciwonsu ba na tashi ba ne. A gida irin wannan ne ake cewa a koma da shi a ci gaba da addu'a. Nan kuwa daga lokacin ne ma aikinmu yake farawa. Wata Baturiya, Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ita ta buɗe gidan jinyar St Christopher's a kudancin Landan a 1967, ta kuma dage a kan cewa maganin ciwo a kan agogo ake ba da shi, ba sai mutum ya fara ihu ba.

Kayan aiki kam ba a magana. Gado mai rimot, katifar iska da ke hana gyambon kwanciya, injin ɗaga majinyaci zuwa banɗaki, kunzugun manya. Wanda ya zaɓi ya ƙarasa a ɗakinsa, a kai masa gadon har gida aro, ba ko kwabo. Amma abin da ya sa ni kuka ranar farko wata 'yar na'ura ce, ba ta fi ƙaramin rediyon Baba ba, tana tura mofin, maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, ta ƙarƙashin fata a hankali har awa 24. Na tuna daren da Baba ke cizon matashi don kada mu ji nishinsa, su Yaya Babba suna zagaya kemis-kemis da takarda a hannu, asibitin kuma suna cewa babu. A nan mofin yana cikin kabad mai makulli, nas biyu ke ƙirga kwalba su sa hannu a littafi duk lokacin da aka ɗiba. Tsaro ake yi masa sosai, amma ba a hana mai ciwo. Kuma ba sai Turai ba: Yuganda ta ba ma'aikatan jinya masu horo izinin rubuta shi tun 2004.

Kada ki ɗauka komai kyauta ne. Asibitin gwamnati kyauta, amma gidan kula da tsofaffi da yawa sun haura fam 1,000 a mako, kuma wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Na ga waɗanda aka sayar da gidajensu don haka. Gidajen jinyar ƙarshe kuma mafi yawan kuɗinsu sadaka ce, har shagunan gwanjo suke da su a kan titi.

Inda na sha wuya shi ne maganar faɗa wa majinyaci gaskiya. Dokarsu ta 2005 ta ce muddin mutum yana cikin hankalinsa, shi ke da ta cewa a kan jikinsa, ko da zaɓin nasa bai yi wa 'ya'yansa daɗi ba. Akwai wani dattijo ɗan Pakistan mai kansar hanta. Babban ɗansa ya ga hijabina, ya tare ni a baranda, ya ce 'yar'uwa, don Allah kada a gaya masa, zuciyarsa za ta karye. Wallahi na gane shi sarai, don abin da muka yi wa Baba ke nan. Likitar ba ta yi musu da shi ba, ba ta kuma je ta yaɓa wa tsohon maganar ba. Kujera ta jawo ta zauna, ta tambaye shi iya abin da yake son sani game da ciwonsa. Tsohon ya yi murmushi ya ce ai shi ya daɗe da sani, 'ya'yan yake lallaɓawa. Cikin sati biyu ya biya bashi, ya yi wasiyya a kan filinsa na can gida, ya sa muka juya gadon ya fuskanci alƙibla. Yaya, da an bar Baba ya yi magana, da rigimar gonar nan ta kai mu gaban alƙali?

Ba duk abin da suke yi nake haɗiyewa ba. Idan mutum ya kai gargara, dangi sukan nace a ɗaura masa ruwa, mu kuma mu yi bayani cewa jikin ya daina karɓa, ruwan zai iya taruwa a huhu ya ƙara masa wahala. Sau da yawa gaskiya ne. Amma su ma sun taɓa wuce gona da iri: akwai wani tsarin kula da masu gargara mai sunan Liverpool da aka soke a 2014 bayan iyalai sun yi ta ƙorafin an bar tsofaffinsu da ƙishi. Shi ya sa ni ko yaushe ina jiƙa musu leɓe, in Musulmi ne da Zamzam idan dangi sun kawo. A Nuwamban 2024 kuma 'yan majalisarsu 330 suka goyi bayan ƙudirin ba mai ciwon ajali damar neman a taimaka masa ya mutu, 275 suka ƙi. Wannan kam na faɗa wa shugabarmu ba da hannuna ba.

Sai rashin mutane. Wata tsohuwa 'yar shekara 91 'yarta ranar Lahadi kawai take zuwa, awa ɗaya, da furanni. Ƙarfe uku na dare ta danna ƙararrawa, na zo da gudu, ta ce ba abin da ke mata ciwo, hannuna take so. Na zauna minti biyar, wata ƙararrawar ta kira ni. Ɗakin Baba kuwa sai da muka riƙa korar 'yan dubiya.

Katifar iskar da man shafawar suna hanya, a riƙa juya Inna duk bayan awa biyu. Ranar da za ku koma wurin likita, ku shiga da ita ciki, kada a bar ta a benci ku fito kuna ce mata ba komai. Ki gaida yara.