Kwaltar Faci ta Buhu: Inda Take Kamawa da Inda Take Ba da Kunya

Kwaltar faci da ake sayarwa a buhu mai kilo 25 tsakuwa ce da aka cakuɗa da ruwan kwalta da wani sinadari mai hana ta daskarewa, shi ya sa ba ta buƙatar wuta. Ga harabar makaranta, otal ko rukunin gidaje da ƙananan ramuka suka addaba, sauƙi ne babba, domin kwalta mai zafi sai an sayo ta tan-tan daga kamfani, kuma dole a shimfiɗa ta kafin ta huce.

Sai dai tana da ci. Rami mai faɗin santimita 50, tsawo 50, zurfi 5, yana lashe kusan kilo 28 bayan daɓe, wato buhu ɗaya ma bai cika shi ba. Don haka rami mai zurfi a fara cika shi da tsakuwa ko burji, a daɓe, a bar santimita 5 na sama kawai don kwaltar.

Masu sayarwa kan ce zuba kawai za ka yi, mota ta taka. Facin da aka yi haka da wuya ya ga ƙarshen damina. Abin da ke riƙe ta shi ne bakin ramin: a sare shi da injin yanka ko diga ya miƙe tsaye, har a kai inda tsohuwar kwalta ke da ƙwari. A share ƙura, a kwashe ruwa, a shafa ruwan kwalta a gefuna. Sannan a zuba, kowane hawa kada ya wuce santimita 5, ana daɓewa daga gefe zuwa tsakiya. Hawan ƙarshe ya ɗara titi da santimita ɗaya zuwa biyu, saboda zai zauna. Idan aka daidaita shi tun farko, kwari zai yi, ruwa ya kwanta. A yayyafa yashi don kada ta manne wa taya.

Babban aibinta shi ne jinkirin ƙarfi. Takan yi makonni tana da laushi, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, direba ya murɗa sitiyari a tsaye a kanta, sai ka ga taya ta kwashe samanta. Dizal da baƙin mai kuma narkar da ita suke yi, don haka ba ta dace da gareji ko wurin shan mai ba.

Inda titi ya tsattsage kamar bayan kada, matsalar a ƙasa take, ruwa ya lalata tushe. Sai an haƙe an sake daɓe. A kan kankare ma ba ta daɗewa. Can kwaɓin siminti awo ɗaya, yashi awo uku, da ruwan gam irin SikaLatex ya fi, a riƙa ba shi ruwa kwana 7.