Sharhi kan rangadin kwana biyu a ƙauyen 'yan ƙabilar Blang

Da muka samu hutu a makarantarmu da ke Kunming, na biya wani kamfanin yawon buɗe ido na birnin Jinghong kuɗin rangadin kwana biyu zuwa gundumar Menghai a lardin Yunnan, domin in ji da kunnena waƙar gargajiyar 'yan ƙabilar Blang, wadda gwamnatin Sin ta sanya cikin jerin al'adun gado na ƙasa a shekarar 2008.

Game da mota da masauki ba ni da ƙorafi, kuma gasasshen shayin da aka tarbe mu da shi, wanda ake gasa ganyensa a wuta kafin a zuba ruwan zafi, ya burge ni matuƙa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasan da aka shirya mana da rana. An jera 'yan mata cikin ado a dandali, aka kunna lasifika mai kiɗan da aka riga aka naɗa, har ta danne sautin ding, wato wani abin kiɗa mai tsirkiya huɗu da ya tuna mini da molo. Asalin wannan waƙa zance ne tsakanin saurayi da budurwa, shi yana kaɗawa yana rerawa, ita tana mayar masa da martani, saboda haka daɗinta yana cikin kalmomin. Jagoranmu kuwa ba ya jin harshen Blang, bai fassara mana ko baiti ɗaya ba, sai gaggauta mu yake yi zuwa shagon sayar da shayin Pu'er.

Da dare ne kuɗina ya fanshe. Maigidan da muka sauka a gidansa ya ɗauko nasa ding, wanda wuyansa ya yi sulɓi saboda yawan riƙo, ya zauna a bakin murhu yana rerawa a hankali, matarsa tana amsa masa daga inda take wanke kofuna, jikarsu kuma tana fassara mini da Sinanci tana dariya, duk da cewa ita kanta ta ce ba ta iya rera waƙar ba.

Na ba rangadin maki uku cikin biyar. Duk mai niyyar zuwa ya nemi jagora ɗan ƙabilar, ya kwana a ƙauyen, sannan ya damƙa tukuici a hannun mawaƙin kai tsaye.