Mazubin abincin tsuntsaye mai keji: wata biyu da shi a bayan gida

A ƙarshen Nuwamba na sayi mazubin nan, fam 24 har da kuɗin kawowa, bayan kurege ya gama da na farko. Wancan na roba ne, bai yi kwana goma ba kuregen ya gwaguye bakinsa. Wannan kuwa bututu ne a tsakiya, an kewaye shi da kejin ƙarfe. Ƙananan tsuntsaye su sulale ta tsakanin sandunan, kurege da manyan kurciyoyi sai dai kallo. Shi ma kuregen, mai ruwan toka, baƙo ne a Ingila kamar mu, a shekarun 1870 aka shigo da kakanninsa daga Amurka. Sau uku na gan shi ya rungume kejin yana jijjigawa, ya sauka hannu rabbana.

Ranar da na san kuɗina bai tafi a banza ba wata Asabar ce a Disamba. A nan birnin Lidis, a arewacin Ingila, rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, sanyi kuma ya sauka ƙasa da sifili, har ruwan da na ajiye musu a tasa ya daskare. Na haɗa shayi na zauna bakin tagar kicin, na kunna BBC Radio 3, tashar da ke sa kiɗan gargajiyar Turawa. Ni da na taso da kalangu da kukuma, na daɗe ina yi wa kiɗan nan na Turawa kallon abin sa barci. Sai ga shi sun sako ɓangaren hunturu na kiɗan lokutan shekara huɗu da Vivaldi ɗan Italiya ya tsara, kiɗan da aka fara wallafawa a 1725, gogen nan suna karkarwa tamkar haƙoran wanda ɗari ya kama. A daidai lokacin wani ɗan mitsitsi mai shuɗin kai da rawayan ciki, wanda suke kira blue tit, ya shige kejin. Nauyinsa wajen giram 11 ne, kusan babban cokali ɗaya na sukari. Ba ya zama ya ci a wurin. Tsaba ɗaya yake ɗauka, ya koma reshe, ya danne ta da ƙafa ya yi ta sara, ya dawo. Mai jan ƙirjin nan, robin, shi a ƙasa ya tsaya yana tsintar abin da ya zube. Ban ankara ba shayin ya huce.

Amma akwai inda mazubin ya gaza. Murfinsa ba ya rufuwa ruf, idan aka kwana ana ruwa tsabar sama takan jiƙe ta dunƙule, sai na zubar. Wanki kuma aiki ne ja, sai an kwance ƙusoshi huɗu a gindinsa, da yatsu a sandare. Ba a kuma isa a ƙi wankewa duk mako ba, don a mazubi mai datti tsuntsaye ke ɗaukar cutar maƙogwaro daga juna. Abin da ke zuba ƙasa ma sai an share, in ba haka ba ɓera ya samu gida. Na daina sayen gauraye mai arha, rabinsa watsar da shi suke yi, na koma ɓararren irin furen rana zalla.

Da na ba Inna labari a waya, dariya ta yi har da tari. Ta ce, “Ke yanzu tsuntsun da muke kora daga gonar gero da gwangwani, shi kike saya wa abinci da kuɗinki?”

A ƙarshen Janairu na shiga ƙidayar da ƙungiyar RSPB mai kare tsuntsaye a Birtaniya ke shiryawa tun 1979, inda kowa ke zama awa ɗaya ya lissafa tsuntsayen bayan gidansa. Iri bakwai na samu, biyar daga cikinsu a jikin kejin nan. Duk mai fama da kurege ya saya, amma ya duba wanda gindinsa ke ɓallewa da hannu.