Jinin dabba ko kaska: wanne ya fi nuna inda cutar take?

Malam, ka tambaya me ya sa masu bibiyar zazzaɓin nan mai sa zubar jini na Kirimiya da Kwango wani lokaci suke ɗiban jinin shanu, wani lokaci kuma su tsinci kaska su zuba a kwalba, kuma wanne ya fi. Ba abu ɗaya suke nema ba.

Gwajin jini sawu yake bi. Idan ƙwayar cutar ta shiga saniya ko raƙumi, dabbar ba ta nuna ciwo, kiwonta take yi lafiya lau. Ƙwayar takan yi kamar mako guda a jininta, sai ta ɓace ta bar garkuwar da jiki ya haɗa, ita ce gwajin ELISA ke ganowa. Bai kai gwajin kaska tsada ba, kuma ana gwada dabbobi da yawa lokaci guda. Sai dai ba ya faɗin yaushe ko a ina dabbar ta kamu. Bijimin da aka yanka yau a Sakkwato wataƙila ta Illela ya shigo daga Nijar.

Gwajin kaska kuwa ɓarawon ake kamawa da kaya a hannu. Wadda ake nema ita ce Hyalomma, mai ƙafafu ratsi-ratsi, wadda ke maƙalewa ƙarƙashin wutsiya da gefen hantsa. Ana niƙa ta, a nemi ƙwayar cutar da PCR, gwajin da ke gano ita ƙwayar kanta, in an samu a karanta tsarin halittarta. Tsarin nan kashi uku ne, S da M da L. Idan iri biyu na ƙwayar suka haɗu a jiki ɗaya, suna iya musanyar kashi, a samu ruwa-biyu. Shi ya sa ake da zuriya daban-daban a Afirka, Asiya da Turai, kuma gwajin da aka tsara kan wata zuriyar yana iya kuskure wata. Wahalarsa tsada, ga shi mafi yawan kaskar da za a gwada ba komai cikinsu.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba: irin da ake kira IbAr10200, wanda ɗakunan bincike na duniya suka daɗe suna aiki da shi, daga kaskar da aka tsinta a Sakkwato aka samo shi a 1966, aka tantance shi a Ibadan. Shekara kusan sittin ke nan, shi ya sa nake son a ci gaba da karanta na yanzu.

Ni dai na fi karkata ga kaska, amma a fara da jini ya nuna garken da za a nufa. Abin ya dame ni ne domin na sha ganin makiyayi ya cire kaska ya murƙushe ta da farce, jini ya fantsama a yatsa, ga rundawa na fiɗa hannu ba safa, alhali ta haka mutum ke iya kamuwa. Cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 na rasuwa. Duk wanda zai ɗebi samfuri, don Allah ya rubuta a jikin kwalbar kasuwar da aka sayo dabbar da ranar da ta iso.